Kitse a hantar yara da matasa: shin da gaske ya yawaita haka?

MalamarJinya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Tambayata ga likitocin yara da masu aikin ɗakin gwaji ce. A da idan aka ce kitse ya taru a hanta, hankali yakan tafi ga babban mutum mai teɓa, ko mai ciwon suga, ko mashayin giya. Yanzu kuwa ana ta cewa a ƙasashe da dama shi ne ciwon hanta mai daɗewa da ya fi yawa a tsakanin yara. Sai dai alƙaluman da ake kawowa ba sa jituwa. Wani ya ce yaro ɗaya cikin goma, wani ya ce ɗaya cikin uku, wani kuma ya ce bai ma kai kashi 5 cikin 100 ba. Wanne ne daidai? Kuma ta yaya ake ƙirga ciwon da ba ya nuna alama?

Sannan a aikace, wane yaro ya kamata a yi wa gwaji, daga shekara nawa, kuma da wane gwaji? In an samu, me za a faɗa wa iyaye banda "a rage masa abinci"?

LikitanYara ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Sista. Duk alƙaluman ukun suna iya zama gaskiya, domin ba yara iri ɗaya aka ƙirga ba, kuma ba da ma'auni ɗaya aka auna su ba.

Lafiyayyar hanta ma tana da ɗan kitse. Ana kiran abin ciwo ne idan kashi 5 cikin 100 na ƙwayoyin hanta, ko fiye, suna ɗauke da ɗigon kitse a cikinsu. Hanyar da ta fi tabbatar da wannan ita ce a ciro ɗan gutsuren naman hanta da allura a duba shi a ƙarƙashin madubin likita. To ba wanda zai soki hantar yara masu lafiya don kawai yana son ƙidaya. Shi ya sa binciken da har yau ake komawa gare shi ya bi ta wata hanya dabam. Dakta Jeffrey Schwimmer da abokan aikinsa sun duba hantar yara 742, 'yan shekara 2 zuwa 19, waɗanda aka yi wa binciken gawa a yankin San Diyego na Amurka tsakanin 1993 da 2003, suka fitar da sakamakon a 2006. Bayan an daidaita lissafin da yawan jama'ar yankin, kashi 9.6 cikin 100 ne ke da kitse a hanta. Nan ne asalin "ɗaya cikin goma".

Amma abin da ya fi amfani yana cikin rabe-raben wannan adadi. A 'yan shekara 2 zuwa 4, kashi 0.7 ne kacal. A 'yan shekara 15 zuwa 19, ya haura kashi 17. A yara masu daidaitaccen nauyi wajen kashi 5 ne, a waɗanda nauyinsu ya ɗan zarce wajen kashi 16, a masu ƙiba sosai kuma kashi 38. Maza sun fi mata, wajen kashi 11 da wajen kashi 8. Wato wanda ya ce miki ɗaya cikin uku, yara masu ƙiba yake nufi. Wani nazari na 2015 da ya tattara sakamakon bincike da yawa daga ƙasashe dabam-dabam ya zo da kusan haka: kashi 7.6 a cikin yara baki ɗaya, kashi 34.2 a cikin waɗanda ake gani a asibitocin kula da ƙiba.

Shi kuma adadin da bai kai kashi 5 ba, galibi ko dai tsohon adadi ne, ko kuma da gwajin jini kaɗai aka samo shi. Misali, ƙididdigar lafiya ta ƙasa da ake yi a Amurka ta nuna cewa a tsakanin 'yan shekara 12 zuwa 19, waɗanda ake zargin suna da ciwon, bisa nauyinsu da gwajin jini na hanta da ake kira ALT, sun tashi daga kashi 3.9 a 1988 zuwa 1994, suka kai kashi 10.7 a 2007 zuwa 2010. Ya kusan ninkawa sau uku cikin shekara ashirin. Gado ba ya sauyawa cikin shekara ashirin, abin da ya sauya shi ne nauyin yara da abin da suke sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙiba a tsakanin 'yan shekara 5 zuwa 19 ta tashi daga kashi 2 a 1990 zuwa kashi 8 a 2022, wato yara da matasa wajen miliyan 160. Ki ɗauki kashi ɗaya cikin uku na wannan adadi ki ga girman lamarin. Kuma ciwon da sai a 1983 aka fara bayyana shi a rubuce a kan yara, su uku rak.

Dalilin da ya sa adadin ke tsalle a shekarun balaga sananne ne. A wannan lokaci jiki yakan rage jin insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, na ɗan wani lokaci, ko da yaron lafiyarsa ƙalau. Idan akwai ƙiba a kai, musamman kitsen ciki, sai abu biyu su haɗu: kitsen jiki yana sakin mai zuwa cikin jini, hanta tana kwasa, sannan yawan insulin da ke yawo a jini yana sa hantar ta riƙa ƙera sabon kitse daga sukari. Abin da ke shiga ya fi abin da take ƙonawa ko fitarwa, sai ya taru.

Game da wanda za a gwada, jagorar da ƙungiyar likitocin ciki da hantar yara ta Arewacin Amurka ta fitar a 2017 ta ce a fara tsakanin shekara 9 zuwa 11. Duk yaro mai ƙiba a gwada shi. Wanda nauyinsa ya zarce amma bai kai ƙiba ba, a gwada shi idan yana da ƙarin wani abu: teɓa, alamun ciwon suga, matsalar kitsen jini, ɗaukewar numfashi cikin barci, ko wani a gidansu mai ciwon. Idan ƙibar ta yi tsanani ana iya farawa tun kafin shekara 9. In sakamako ya fito lafiya, a sake bayan shekara 2 zuwa 3.

Kuskuren da na fi so a kiyaye shi ne auna yaro da ma'aunin manya. Ana samun BMI, wato ma'aunin ƙiba, ta hanyar raba nauyi a kilo da tsawo a mita da aka ninka da kansa. Yaro namiji ɗan shekara 12 mai kilo 60 da tsawon mita 1.50 zai ba da 26.7. A babba wannan ɗan ƙarin nauyi ne kawai, tunda ƙibar manya daga 30 take farawa. A ɗan shekara 12 kuwa iyakar ƙiba tana wajen 24, don haka ya riga ya shige. Dole a ɗora adadin a kan jadawalin shekaru da jinsi. In babu jadawali a kusa, a auna kugu da tef daidai wajen cibiya: idan kewayensa ya wuce rabin tsawon yaron, a sa masa ido.

Alamu kuwa, kada a jira su. Yawancin yaran ba sa jin komai. Wasu sukan ce gajiya, ko ɗan nauyi a ƙarƙashin haƙarƙari na dama. Abin da ido zai fi gani ba a hanta yake ba: baƙin tabo mai kauri da laushi a bayan wuya ko hammata, wanda iyaye kan ɗauka datti ne su yi ta dirzawa. Ba datti ba ne, alamar yawan insulin ce, kuma duk yaron da aka gan shi da ita ya cancanci gwajin suga da na hanta. Idan har ido ya yi rawaya, to a nemi wani ciwon, domin kitsen hanta ba ya zuwa da shawara sai a ƙarshen lalacewa.

Za ki ga sunan ciwon iri biyu a takardu. Tsohon shi ne NAFLD. A 2023 aka koma MASLD, kuma sabon sunan ya zo da sharaɗi: ban da kitsen, sai an samu aƙalla ɗaya daga cikin yawan nauyi, hauhawar suga, hawan jini, ko matsalar kitsen jini.

MaiGwajinJini ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, Likita. Ni ta ɓangaren takardar sakamako zan yi magana, domin a nan yara da yawa ke zillewa.

ALT wani sinadari ne da ke zaune a cikin ƙwayoyin hanta. Idan ƙwayoyin suka ji rauni sai ya zubo cikin jini. Matsalar ita ce iyakar da ake bugawa a gefen takarda. Ɗakunan gwaji da yawa suna sa 40, wasu 45, wasu ma fiye, kuma iyakar manya ce, wadda aka samo daga mutanen da wasunsu su ma suna da kitse a hanta ba a sani ba. Wani bincike na 2010 ya duba asibitocin yara a Amurka ya tarar iyakar da suke amfani da ita ta kama daga 30 har zuwa 90. Da aka auna yara masu lafiya, marasa ƙiba, marasa ciwon hanta, sai aka ga iyakar gaskiya ita ce wajen 26 ga maza, 22 ga mata. Saboda haka yarinya mai ALT 38, na'ura ba za ta sa wa sakamakonta tauraro ba, mai dubawa zai ce lafiya lau, alhali ta kusa ninka iyakarta. A karanta lambar kanta, kada a tsaya ga alamar da na'ura ta sa.

Sakamako ɗaya kuma ba ya yanke hukunci. Zazzaɓi, mura mai zafi, wasu magunguna, har motsa jiki mai tsanani kwana ɗaya ko biyu kafin ɗibar jini, duk suna iya ɗaga shi. Ka'idar ita ce idan ya wuce ninki biyu na iyaka, wato wajen 50 ga namiji, 44 ga mace, kuma ya tsaya haka fiye da wata uku, a shiga bincike sosai. In ya kai 80 ko ya wuce, kada a yi ta jira, a hanzarta. Kuma kada a ɗebi jinin yaro yana tsakiyar rashin lafiya sannan a ce ana neman kitsen hanta.

Sai dai a san iyakar gwajin. Akwai yara masu kitse a hanta, har da masu tabo, da ALT ɗinsu ke fitowa daidai. Akwai kuma masu ALT a sama da ba kitse ne ya jawo ba. A yara masu ƙiba 'yan shekara 10 zuwa sama, ma'aunin ninki biyu yana kama wajen kashi 88 na masu ciwon, amma yana haɗawa da marasa shi da yawa. Gwajin tacewa ne, ba na tabbatarwa ba.

Sikanin, wato hoton ciki na ultrasound, ma haka. Hanta mai kitse takan fito da haske fiye da ƙodar da ke kusa da ita, mai hoto ya kwatanta su. Amma sai kitsen ya kai wajen kashi 30 na hantar kafin a gan shi da tabbaci, ƙasa da haka ya dogara da na'ura da idon mai dubawa, kuma kaurin ciki kansa yana dusashe hoton. Shi ya sa jagorar Amurka ba ta yarda da shi a matsayin gwajin farko ba. Ingila kuwa a jagorarta ta 2016 sikanin ta zaɓa ga yara masu ciwon suga nau'i na biyu ko tarin matsalolin ƙiba, a maimaita duk shekara uku. A nan na ɗan bambanta da masu cewa jini kaɗai ya isa: inda ake da duka biyun, haɗa su ya fi, domin kowanne yana kama wanda ɗayan ya bari. MRI ne ke auna yawan kitsen daidai, FibroScan kuma yana auna taurin hanta, amma ba kowane asibiti ke da su ba.

Idan za a ɗebi jinin, a haɗa gaba ɗaya don kada a soki yaro sau uku: ALT, AST da GGT (su ma gwaje-gwajen hanta ne), suga na azumi ko HbA1c (mai nuna matsakaicin suga na 'yan watanni), kitsen jini, da ƙidayar ƙwayoyin jini. Suga na azumi daga 100 zuwa 125 mg/dL, ko HbA1c daga 5.7 zuwa 6.4, yana nufin ana bakin ƙofar ciwon suga. Lissafin nan na FIB-4 da ake yi wa manya don ƙiyasta tabo, kada a yi wa yaro, akwai shekaru a cikin lissafin kuma yana ba da amsar da ba daidai ba.

MalamarJinya ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Likita da Malam. Saura abu biyu. Na ga an ce a wancan bincike na San Diyego yara baƙar fata kashi 1.5 ne kawai. Ke nan ba su da haɗari? Na biyu, idan yaro siriri ne amma sikanin ya nuna kitse, shi ma shawarar rage nauyi za a ba shi?

LikitarHanta ta rubuta:

Sista, tambayarki ta biyu ita ce inda ake yin kuskure mafi tsada, amma bari in fara da ta farko.

Adadin gaskiya ne. A wancan bincike yara 'yan asalin Latin Amurka kashi 11.8 ne, 'yan asalin Asiya 10.2, farare 8.6, baƙaƙe 1.5. Gado yana da hannu. A 2008 aka gano a wani bincike na birnin Dallas cewa wani sauyi a ƙwayar gado mai suna PNPLA3 yana sa kitse ya maƙale a cikin ƙwayoyin hanta, kuma sauyin ya fi yawa a 'yan Latin Amurka, ya fi ƙaranci a baƙaƙen Amurka. Amma adadin na yanki ɗaya ne a ƙasa ɗaya, shekara fiye da ashirin da suka wuce. Kuma ƙarancin kitse a hanta bai kare yaran daga ciwon suga ko hawan jini ba, suna samunsu sosai. Ba a tsallake gwajin yaro mai ƙiba saboda launin fatarsa. Darasin da ni nake ɗauka daga adadin ma akasin haka ne: idan yaron ya fito daga jama'ar da ciwon bai yawaita a cikinsu ba, sai a ƙara tsananta neman wani dalilin idan ALT ya hau.

Wannan ya kawo mu ga yaro siriri. A'a, ba za a ce ya rage nauyi ba. Kitse a hanta alama ce da cututtuka da yawa ke bayarwa, kuma wasunsu suna da magani na musamman wanda jinkirinsa ke kashewa. Ko a yaro mai ƙiba ba a rufe bincike sai an kawar da su, balle siriri. Tunda ƙiba ta yawaita, dole za a samu yara masu ƙiba da ke ɗauke da wani ciwon hanta dabam, kuma ƙibar ce za ta rufe wa likita ido.

Na farko a jerin shi ne ciwon hanta nau'in B da C. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ke ɗauke da nau'in B a 2022, akasarinsu a Afirka da gabashin Asiya, kuma yawanci tun suna jarirai ko ƙanana suka kamu. Gwajin HBsAg, mai gano nau'in B, ba shi da wahala, bai kamata a ce kitse ne ba tare da an yi shi ba. Sai cutar Wilson, wadda jan ƙarfe ke taruwa a hanta saboda gado. Ba ta da yawa, amma a madubin likita tana kama da kitsen hanta sak, tana bayyana a daidai waɗannan shekaru, kuma in an gano ta da wuri magani yana riƙe ta har tsawon rai. Ana auna sinadarin seruloplasmin a jini da jan ƙarfe a fitsarin awa 24. Akwai ciwon da garkuwar jiki ke afka wa hanta, wanda ya fi kama 'yan mata, akwai rashin jituwa da alkama da ke lalata hanji, akwai matsalar maƙoƙo. Idan ALT da AST sun hau a yaro namiji, a auna CK, wato sinadarin tsoka, domin ciwon shanyewar tsoka na gado yana ɗaga su duka biyu alhali hanta lafiyarta ƙalau.

A tambayi magunguna ɗaya bayan ɗaya: valproate na farfaɗiya, magungunan sitiroyid irin su prednisolone, methotrexate, wasu magungunan taɓin hankali masu sa ƙiba, da duk wani haɗi ko ƙarin abinci da ake ba yaron ba da takardar likita ba. Matashi kuma a tambaye shi batun giya shi kaɗai, ba a gaban iyayensa ba.

Yunwa ma tana kawo shi, kuma mutane kan yi mamaki. Yaro mai kwashiyoko, wato ciwon rashin furotin, hantarsa takan kumbura da kitse, domin hanta tana buƙatar furotin kafin ta iya naɗe kitse ta tura shi cikin jini. Babu furotin, kitsen ya rasa abin hawa, sai ya zauna. Wannan maganinsa ciyarwa ne. Haka kuma yaron da bai kai shekara 3 ba, ko ma ƙasa da 5, aka ga kitse a hantarsa, a fara tunanin cututtukan gado na sarrafa abinci, a tura shi wurin ƙwararre, musamman idan iyayen dangin juna ne ko an taɓa rasa jariri a gidan ba a san dalili ba.

In an kawar da waɗannan, aka tabbatar na ƙiba ne, me ke gaba? Matakai ne: kitse zalla, sai kitse da kumburi, sai tabo, sai ƙanƙancewar hanta. A binciken San Diyego wajen kashi 23 na masu kitsen sun riga sun kai matakin kumburi. Yawancin yara ba za su kai ƙarshe suna yara ba, amma wanda ya fara a shekara 10 yana da shekaru masu yawa a gabansa da tabon zai yi ta ƙaruwa. Wani bincike a Suwidin da ya bi yara da matasa 718 da aka tabbatar musu da ciwon ta gutsuren hanta ya ga cewa cikin shekara 20 kashi 7.7 sun rasu, idan aka kwatanta da kashi 1.1 a sa'anninsu. Waɗannan su ne masu tsanani da har aka yi musu allurar hanta, kada a ɗora adadin a kan kowane yaro, amma ya isa ya hana mu cewa ba komai. Kuma haɗarin da ya fi kusa shi ne suga: a cikin yara 675 masu ciwon da aka duba a Amurka, kashi 23 suna bakin kamuwa, kashi 6.5 sun riga sun kamu.

A tura wa likitan hanta ba tare da ɓata lokaci ba idan ALT ya wuce 80, ko saifa ta girma, ko ƙwayoyin da ke daskarar da jini sun yi ƙasa, ko AST ya fi ALT, ko akwai shawara. A duba ko yaron ya yi rigakafin ciwon hanta na B da na A, in bai yi ba a yi masa.

MasaniyarAbinci ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Zan amsa tambayar Sista ta ƙarshe, me za a ce wa iyaye. "A rage abinci" ba umarni ba ne da uwa za ta iya aiki da shi. A ba ta abu ɗaya bayyananne ta fara da shi, kuma abin da hujja ta fi ƙarfi a kansa shi ne sukarin da ake sha.

Sukarin da muka sani rabinsa gulukos ne, rabinsa furuktos. Gulukos kowace tsoka tana iya ƙona shi. Furuktos kuwa idan ya zo da yawa a lokaci ɗaya, kamar yadda yake zuwa a abin sha, hanta ce ke ɗaukar nauyinsa, kuma tana juya wani kaso nasa zuwa kitse ba tare da birkin da ke tsayar da gulukos ba. An gwada wannan a kan yara. A wani gwaji da aka buga a 2019, samari 40 'yan shekara 11 zuwa 16 masu ciwon aka raba biyu. Rabi aka sauya abincin gidansu gaba ɗaya, ƙarin sukari ya koma ƙasa da kashi 3 na abin da suke ci. Cikin mako 8 kitsen hantarsu ya sauka daga kashi 25 zuwa 17, ALT daga 103 zuwa 61. Sauran rabin da suka ci gaba da abincinsu daga 21 suka koma 20. Wani gwajin na 2017 ya rage furuktos na kwana 9 kacal ga yara 41, aka maye gurbinsa da sitaci, kitsen hanta ya sauka daga kashi 7.2 zuwa 3.8. A lura da abin da aka yi a gwajin farko: gidan duka aka sauya wa abinci, ba yaron kaɗai ba.

Ga lissafin da za a nuna wa iyaye. Ƙaramin cokali ɗaya na sukari giram 4 ne. Gwangwanin lemo mai mililita 330 yana ɗauke da wajen giram 35, kusan cokali 9. Robar rabin lita ta wuce giram 50. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce yaro daga shekara 2 zuwa 18 kada ya wuce giram 25 na ƙarin sukari a yini, wato cokali 6, ƙasa da shekara 2 kuma kada a ba shi ko kaɗan. Gwangwani ɗaya ya riga ya ƙetare kason yini. A koya musu karanta jikin kwali: adadin da aka rubuta galibi na mililita 100 ne, sai an ninka shi da girman robar.

Inda ake yawan faɗawa shi ne a daina lemon kwalba a koma ruwan 'ya'yan itace na kwali, ko zuma, ko madarar da aka zaƙaƙa, ana ganin an gyara. A wurin hanta duk ɗaya ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa zuma da ruwan 'ya'yan itace a cikin sukarin da ta ce a rage. 'Ya'yan itacen da aka ci da ɓawonsu ko tsokarsu ba su cikin wannan, domin harzarsu tana rage saurin shigar sukarin. Lemo guda a ɓare a ci, ba uku a matse a sha ba. Abin sha na yau da kullum ya zama ruwa da madara marar sukari.

Bayan abin sha, sai faranti: rabinsa ganye da kayan lambu, kwata furotin, kwata hatsi, wanda ba a cashe shi fes ba in da hali. Motsa jiki minti 60 a yini ga 'yan shekara 5 zuwa 17, irin wanda ke sa numfashi ya ƙaru, kuma yana rage kitsen hanta ko da sikeli bai motsa ba. Barci awa 9 zuwa 12 ga 'yan shekara 6 zuwa 12, awa 8 zuwa 10 ga matasa. Yaron da ke minshari mai ƙarfi yana farkawa a firgice, a faɗa wa likita.

Kada a sa yaro mai girma yunwa. Wanda bai gama tsawo ba, sau da yawa ya isa nauyinsa ya tsaya wuri ɗaya tsawon ya cim masa. Matashi mai ƙiba sosai kada ya sauke fiye da wajen kilo ɗaya a mako. Kuma don Allah a kiyaye harshe. Yaron da ake kira da sunan ƙibarsa a gida, ko ake ba shi abinci dabam 'yan uwansa suna shan lemo a gabansa, ɓoyewa zai koma yi, wasu 'yan matan kuma su faɗa cutar ƙin cin abinci. A sake auna nauyi, kugu da ALT bayan wata 3 zuwa 6.

LikitanYara ya rubuta:

Hajiya ta gama magana. Ƙari ɗaya kan magani, domin iyaye za su tambaya. Har yanzu babu maganin da aka amince da shi don kitsen hantar yara. Babban gwajin da aka yi, wanda aka buga a 2011, ya ba yara 173 'yan shekara 8 zuwa 17 ko dai bitamin E, ko metformin, ko ƙwayar da ba magani a cikinta, na tsawon mako 96. Babu wanda ya fi ƙwayar banzan saukar da ALT ya zauna a ƙasa. Bitamin E ya taimaka wajen kwantar da kumburi a waɗanda aka tabbatar suna da shi ta gutsuren hanta, shi ya sa wasu likitocin hanta ke bayar da shi ga irin waɗannan kaɗai, ba abin da za a saya a riƙa ba yaro ba ne. Resmetirom da Amurka ta amince da shi a 2024 na manya ne. Allurar semaglutide an amince da ita don ƙiba daga shekara 12, kuma likita ne zai tantance wanda ya dace da ita.

Magungunan da ake tallatawa da sunan wanke hanta a guje su. Ba su da hujja, wasunsu kuma, irin su ƙwayoyin da aka tace daga koren shayi, an san suna raunata hantar. Idan ana ba yaro wani abu makamancin haka, a ce iyaye su zo da kwalbar asibiti, a dakatar da shi, a maimaita ALT bayan mako 4 zuwa 6 kafin a yanke cewa kitse ne.